Ƙwayar da Na Sauya wa Suna

Ni ɗan Kwaciri ne, a Fagge. Mahaifina malamin makaranta ne, ya so in gaje shi, ni kuwa kasuwa na zaɓa. Na buɗe ɗan ƙaramin kemis a Sabon Gari lokacin da kuɗin mai ya cika gari, kowa na son ya yi ƙiba a san ya samu.

Akwai wata ƙwaya da likitoci ke ba masu asma da ciwon gaɓɓai, ba a shanta sai da izininsu. Na lura tana sa cin abinci, kumatu su ciko cikin 'yan makonni. Da fari da sunanta nake sayarwa. Da na ga sunan yana tsorata mutane, sai na riƙa juye ta a kwalabena, ina liƙa takardar da na sa aka buga mini: Maganin Ƙarin Jini.

Wata mai sayar da atamfa, Madam Ngozi, ta yi odar kwalba shida saboda mijinta, ma'aikacin jirgin ƙasa da ya rame bayan jinya. Bayan wata biyu ta dawo, ta ajiye kwalba ɗaya a gabana.

Ta ce, "Malam, mijina yana asibiti, jikinsa duk ya kumbura. Yana da ciwon suga, na kuma gaya maka tun ranar."

Ta gaya mini kuwa. Na ce, "Madam, ba a nan kika saya ba."

"Ba rigima na zo yi ba. Likita ya ce wannan ba maganin jini ba ne. Sunan ƙwayar kawai yake so, da ƙarfinta, don ya san abin da zai yi. Don Allah, faɗa mini."

Sunan yana bakina. Amma na ga faɗarsa amsa laifi ne. Na ɗaga murya na ce tana ɓata mini kasuwa, har maƙwabta suka taru suka janye ta tana kuka.

Kwana tara bayan nan mijin ya mutu. 'Yan sanda suka zo suka tarar da katan-katan na ƙwayar da takardun da nake liƙawa. Alƙali ya yanke mini shekara biyar. Ina ciki mahaifina ya rasu, ban ga gawarsa ba.

Da na fito, layin atamfa na fara zuwa don in roƙi gafararta. Aka ce ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu, babu wanda ya san adireshi. Na tuba ga Allah, amma haƙƙinta yana wuyana har yau. Yanzu sabulu nake sayarwa a kasuwar Singa, tsufa kuma ya zo.

Samari, ku da ke shiga kasuwa, ku kira kaya da sunansu. In kuma kun yi kuskure, mai haƙƙi ya tsaya a gabanku yana tambaya, ku faɗi gaskiya tun tana iya ceton wani.