Kibiya a Rariyar Baba

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta kiran sunan mahaifina. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wancan zamani uwa ba ta yi wa ɗan fari magana kai tsaye, balle ta ambaci sunansa. In tana so ya ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "Tuwo dai yana hucewa." In ya dawo daga tafiya sai ta tambayi mahaifiyata ko hanya ta yi kyau, alhali ga shi nan tsaye yana cire takalmi. Mu yara dariya abin yake ba mu. Amma autanta, Baffa Ɗanladi, sunansa ba ya hutawa a bakinta. Ƙato guda, ɗan kokawar da ake shakka har garin Ibeto, amma sai ta ja masa kunne a gaban mutane, ta koma ta ɓoye masa ƙanzo.

Baba tsohon soja ne. Daga yaƙin Bama ya dawo Kwantagora da ƙyallen siliki, wanda ya yanko daga laimar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi, da kuma sana'ar buga tambari a jikin yadi. Ya ɗaure silikin tamau a katako mai kusurwa huɗu, ya maƙala shi a gefen tebur yana ɗagawa yana saukewa kamar murfin akwati. Yakan shafe silikin da ƙaro, ya bar siffar da yake so kaɗai a buɗe, ya shimfiɗa yadi a ƙasa, ya zuba fenti a sama, ya ja shi da wani katako mai bakin roba. In ya ɗaga sai ga tambari ya fito tsaf. Mutanen gari inji suke ce masa, mu a gida rariyar Baba muke cewa. Yana buga buhunan auduga da tutocin makaranta, da kuma aikin da ba ya so amma shi ke ciyar da mu: baƙar kibiya a bayan rigunan fursunoni, don in wani ya gudu kowa ya gane shi.

Rariyar nan doka ɗaya gare ta. Da an gama aiki a wanke ta nan take, ƙaron da ruwan zafi, fentin da kananzir, kafin ya bushe ya toshe mata idanu.

Iya ce ke dafa ƙaron, ba tare da an taɓa jin ya roƙe ta ba. Bayan magariba takan ɗora kasko a murhu tana juyawa, mu kuwa mu kewaye ta muna miƙa ƙafa wajen wuta. Har yau in na ji warin ƙaro yana narkewa sai kunnena ya fara jiran muryarta. Takan ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo ta zauna." Tatsuniyoyinta duk da daɗi suke ƙarewa. Ko dodo ya haɗiye yarinya, Iya sai ta san yadda ta yi ta fito da ita da zanenta a bushe.

Wata rana bayan girbi Baba ya wuni yana buga rigunan gidan yari. Bayansa ya riƙe, kananzir kuma ya rage kaɗan a kwalba, na fitila. Sai ya watsa wa rariyar ruwan zafi kawai, ya goge da tsumma, ya jingine ta. Ana haka Baffa Ɗanladi ya shigo da sabuwar taguwa a kafaɗa, za shi kokawa Ibeto.

"Yaya, garkuwa nake so ka buga min," in ji shi. "Baƙa wuluk, ta cika bayana, kowa ya hango ni daga nesa."

"Sai gobe da yamma," in ji Baba, ya miƙe a tabarmar zaure.

Na ga Iya ta wuce ta gaban rariyar, ta tsaya ta dube ta, ta dubi kwalbar kananzir. Da ta zauna a bakin murhu, ba wajenmu ta fuskanta ba, zaure ta fuskanta, kuma ta ɗaga murya fiye da kullum.

Ta ce wai an yi wata matar maharbi mai rariya ɗaya tak. Mijin ya daka dafin kibiya ya ba ta ta tankaɗe. Da ta gama, rafi da nisa, ga gajiya, sai ta buga rariyar a bakin turmi ta ce ai ta fita, ta rataye ta. Rariya ta fara waƙa daga jikin bango: "Wanke ni, uwar ɗaki, wanke ni, abin da na sha yana idona." Matar ta ce mata ta yi shiru, mutane na barci. Da safe ta sauko da ita ta tankaɗe garin kunun ƙaramin ɗanta. Yaro ya sha, ya yi dariya, ya kwanta.

Iya ta ci gaba da juya ƙaro. Ƙanena ya ce, "Iya, sai me?"

"Sai me? Sai kuka."

Muka ce ba mu yarda ba, ta tashe shi kamar yadda ta saba. Ta ce, "Wannan ba ta da tashi." Sannan ta ce wa wuta, da ƙarfi, "Rariya kam ta faɗa. Da mai ɗaki ta tashi yanzu, da sauran lokaci." Baba ya yi tari a zaure, ya ce wa mahaifiyata, "Yau Iya tsorata yara take yi." Ya juya ya gyara kwanciya.

Washegari da almuru ya buga garkuwar a duhun zaure, ya shanya a igiya. Da asuba na ji Iya tana cewa, "Ɗanladi, kada ka sa rigar nan." Ya yi dariya ya ce, "Iya, ke kullum tsoro. Ko kaza na kama sai kin ce za ta tsone min ido." Ya cusa rigar a jaka ya tafi. Wanda zai iya gyara abin ba ta iya yi masa magana, wanda take iya yi wa magana kuma bai taɓa ɗaukar tsoronta da gaske ba.

Wani Bakambare abokin kokawarsa ne ya kawo labari, ƙafafunsa duk sun fashe don gudu. Ya ce wa Baba da gurguwar Hausarsa, "Baba, sun kama Ɗanladi. Riga ne. Kibiya yana cikin garkuwa, kowa ya gani." Ashe tsohon fentin da ya bushe ya toshe silikin daidai siffar kibiya, sabon bai ratsa wurin ba. A hasken rana, tsakiyar baƙar garkuwa, ga kibiya nan fara-fara a tsaye. Kuma a makon nan wani fursuna ya gudu daga wajen yankan ciyawa. 'Yan doka suka cafko Baffa ta baya a kasuwa. Shi da bai san laifinsa ba, ya ɗaga na farko ya buga da ƙasa, sauran suka rufe shi da kulake.

Baba ya ɗauki rariyar a ka ya tafi ya ɗaga ta ga rana a gaban masu tsaron gidan yari, suka ga kibiyar a idanunta, suka yarda. Aka sako Baffa, aka kawo shi a kan jaki yana tarin jini. Bai ga damina ba.

Ranar da aka binne shi, Baba ya zauna a zaure ya juye kananzir a kan silikin yana ta dirza, yana ta dirza, har ya yage, bai daina ba. Iya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Umaru." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har sai da na waiga in ga wa ake kira. "Umaru, bari haka. Ya riga ya bushe." Baba ya kifa kansa a kan katakon ya yi kuka irin na yara. Daga ranar ba a ƙara dafa ƙaro a gidanmu ba.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar ta wanke kayan aiki ce, kuma har gobe ba na barin rariya ta kwana da gari, surukaina suna yi min tsiya a kai. Sai da na girma na gane abin da na gani a daren nan: uwa ce ta hango mutuwa tana zuwa, ta ƙaga tatsuniya sukutum don ta faɗi abin da kalma uku za su faɗa, tashi ka wanke. Ba na ganin laifinta, iyakar hanyar da aka bar mata ke nan. Amma ina jin ciwon abin har yanzu.

Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan Baba. Tsofaffi suka ce kunya biyu ta hau kaina, ga ɗan fari, ga sunan uba, sai in riƙa ce masa Abba, in ma ya zama dole in yi magana. Na ce na ji. Yanzu ya yi furfura, matan unguwa sun gaji da cewa ba ni da ta ido. In na ga abin da ban yarda da shi ba, ba na faɗa wa bango, ba na faɗa wa wuta. Ina tsayawa a bakin ƙofarsa in ce, "Umaru, tashi."