Jikata ta wanke tsohon Girka, ta wanke ni

Jikata Hadiza ta ci gasar muhawara a lakol ɗinsu na garin Agiye, wato makarantar boko! Salamu alaikum, murna ta sa na manta gaisuwa.

An ba su shari'ar wani malamin Girka na dā, wanda aka kashe wai ya raina allolin garinsu, ya ɓata matasa. Ita ta kare shi.

Na ce, "Amarya, ya yi laifin kuwa?"

Ta ce, "Tsoho, tambaya kawai ya koya wa yara. Kai ma ai cewa aka yi za ka ɓata ni, ran da ka kai ni lakol."

Takardar yabon da aka ba ta tana rataye a zaurena a Cadawa. Da kaina na karanta ta, albarkacin yaƙi da jahilci. Kowa ya zo ya gani, masu waccan magana su fara shigowa.