Inna Beryl da Tudun Tanki

Inna Beryl Trengove ba ma'aikaciyar gandun daji ba ce. Shayi da burodi take sayarwa a cikin wata tsohuwar mota, a bakin kwazazzabon da ke yamma da garin Alice. Amma shekara ashirin ke nan, duk wanda ya zo da ƙaramin yaro ita yake tambaya ko yaron zai iya tafiyar. Ni da nake gyaran famfunan wurin, da rigar aiki da komai, ba mai tambayata. Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye ba.

Tafiyar awa biyu ce zuwa tafkin da ke ƙarshe, cikin yashi da duwatsu, ga ƙudaje. Shiga ba wuya. Dawowar ce aiki, in rana ta take.

Ita ba ta duban yaro. Uban take ƙare wa kallo, ko uwar.

"Kowane yaro da ƙafarsa yake shiga," in ji ta, "a kafaɗa yake fitowa. Ɗauke shi, ka kai shi gindin tankin ruwan can, ka dawo."

Tankin yana kan tudu. Na ga ƙarti masu takalman tsada sun dawo suna haki. "Sannu, jarumi," sai ta ce, "ga shayi. Ku tsaya a inuwar farko, akwai ƙadangaru, sun ishe shi kallo." Wasu su yi fushi. Ko a jikinta.

A hutun watan Yulin bara jikarta Tilly ta zo daga birnin Adelaide, 'yar shekara biyar. Shekara guda Inna tana yi mata alkawari ta waya cewa ita da kanta za ta kai ta tafkin, kamar yadda ta kai uwarta tana ƙarama. Ranar ko motar shayin ba ta buɗe ba.

Suna shirin kama hanya na ce, "Inna, ke ba a gwada ki? Wanzami ba ya son jarfa, ko?"

Da na sani ban faɗa ba. Ta harare ni, ta tsuguna a gaban Tilly. "Hau, ja'ira."

Ta kai rabin tudun. Na ga gwiwarta ta dama tana rawa. Ta tsaya, ta ƙara taku uku, sannan ta sauke yarinyar a hankali. Babu kowa a wurin sai ni, kuma da ta ce ta ci, ba zan musa ba.

"Na faɗi," ta ce. Shekararta saba'in da ɗaya, ban taɓa jin haka a bakinta ba. "Desmond, zo ka ɗauke ta. Har tanki."

"Haba Inna, har ni?"

"Kai ɗin wa? Ɗauka!"

Na ci, da kyar. Tilly ta riƙe hannun kakarta gam. "Kaka, kin ce ke za ki kai ni."

"Ni na ce, ƙafar nan ba ta ce ba. Je ki, ki gano mini ko ruwan yana nan."

Muka je. A tafkin Tilly ta cika hularta da ruwa, wai na Kaka ne. Na ce zai zube. Ta ce in yi mata shiru. Ta riƙe hular da hannu biyu har barci ya kwashe ta a kafaɗata, ruwan yana bin wuyana.

Mun tarar da Inna zaune a kan wani dutse, a inda muka bar ta. Tilly ta farka, ta miƙa hular, ta leƙa ciki. Ta bushe ƙayau. Tilly ta kwaɓe fuska za ta yi kuka, ni kuwa tausayinsu su biyun ya kama ni.

Inna ta karɓa, ta kifa a kanta, ta runtse ido, ta noƙe wuya.

"Wayyo, sanyi! So kike ki kashe ni, 'yar nema?"

Tilly ta ƙyalƙyale da dariya. "Yana nan, Kaka!"

"Na ji," in ji Inna. Ba ta buɗe idon da wuri ba.