Zanen Zauren Goggo Habi

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar baje kolin aikin hannu a makarantarmu ta maza da ke cikin birnin Zazzau. A tsakiyar shekarun 1950 ne, ƙarshen zangon karatu, bayan an kai amfanin gona gida. Ku da kuka shigo aikin daga baya ba ku tarar da tsarin wancan lokaci ba, don haka bari in ɗan warware muku.

Ni ƙaramin malami ne a lokacin, ina koyar da sana'ar hannu da zane. Daga ƙauye aka turo ni, ban cika shekara a birni ba, ban kuma san manyan gari da fuska ba. Sama da ni akwai babban malami, sama da shi Hedimasta, sama da Hedimasta kuma akwai jami'in ilimi, wani Bature da yakan leƙo mu jefi-jefi. Ƙa'idar baje koli ita ce malamin sana'a ya tattara aikin yara, su hula da tabarma da jakar fata da zane-zane, ya kai ofis. Hedimasta zai duba su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yarda da shi a kafa, abin da ya ƙi a mayar wa mai shi. Babu abin da ke hawa bango ba da saninsa ba.

A aji na ƙarshe akwai wani ɗalibi, Sale, ɗan shekara goma sha shida, ɗan unguwar Kwarbai. Mahaifinsa maɗinkin riguna ne. Abu biyu ne suka cika ran Sale: ci da zane. A shekarun nan wuraren sayar da abinci irin na zamani sun fara ɓullowa, kuma duk inda aka buɗe sabo, Sale na cikin waɗanda za su fara zama a bencinsa. Mai shayi da burodi a bakin kasuwa, wata Banufiya mai shinkafa, har Tudun Wada yakan taka ranar da babu makaranta. Sai ya dawo ya same ni da rahoto.

"Malam, miyar Banufiyar nan gishiri ya yi mata yawa, amma namanta ya dahu luguf."

Daga nan sai ya zauna ya zana wurin, da tukwanensa da mutanensa. Ban taɓa samun ɗalibi mai hannu irin nasa ba. In ya zana mutum, ko ƙeyarsa ka gani sai ka gane shi.

Wurin da ya fi so shi ne zauren Goggo Habi. Dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, ta share zauren gidan, ta sa bencina, ta sayi langa da cokula, tana sayar da fate da dambu da tuwon shinkafa. Zanen wannan zaure Sale ya kawo mini don baje koli. Ga Goggo a durƙushe da ludayi, ga tururi na tashi, ga wani dattijo mai rawani a can kusurwa ya sunkuya kan langarsa, ya ɗan juyo kamar an kira shi.

Da na kai kayan ofis, Hedimasta ya daɗe yana kallon zanen. Sai na ga yana murmushi.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Sale ne, ranka ya daɗe. Amma akwai fuskokin mutane a ciki, kuma ka san mutanen gari ba kowa ke son haka ba. Ko mu ajiye shi?"

Ya ce, "Ajiye shi? Haba, Malam Tanimu. Wannan ai shi za a kafa a bakin ƙofa, kowa ya fara da shi."

Na fita ina jin daɗi. Na gaya wa Sale, yaron ya rasa inda zai sa kansa don murna.

Ranar baje koli Bature ya zo da hantsi, ya tsaya gaban zanen, ya yaba, ya sa aka kira Sale ya ba shi hannu. Hedimasta na gefe yana cewa ai irin tarbiyyar da muke ba su ke nan. Bayan Bature ya tafi aka buɗe wa iyaye da mutanen gari. Ban ankara ba sai na ga an yi cincirindo a bakin ƙofa, ana ƙus-ƙus, ana danne dariya. Wani mahauci ya kasa riƙewa, ya ɗaga murya.

"Wallahi Malam Barau ne! Ku dubi hancin!"

A nan na fara jin sunan. Malam Barau muhuti ne, wato malamin da ke zama kusa da alƙali yana taimaka masa da duba hukunci. Kuma an san shi da tsanani a kan abu ɗaya: yakan ce mutumin da ke cin abinci a waje ya zubar da mutuncinsa, ba a karɓar shaidarsa. Mutane da dama sun sha kunya a gabansa a kan haka. To ga shi yau a bango, da langa a hannu.

Yana cikin baƙin da aka gayyata. Da ya iso, aka dare masa hanya, wuri ya yi tsit. Ya tsaya gaban zanen, ya dube shi. Ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya juya ya fita, takalminsa ɗaya na neman zamewa.

Kashegari aka kira zama a ofis. Akwai Hedimasta, da babban malami, da mai unguwa, da wasu dattawa biyu daga ɓangaren Malam Barau, da mahaifin Sale wanda ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Babban cikin dattawan ya tambayi wanda ya ba da izinin kafa zanen.

Hedimasta ya ce, "Ni dai jiya na fara ganinsa, kamar kowa. Yaran zamani ne, ga kuma sabon malami da bai san gari ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a kan teburin nan na shimfiɗa maka shi. Kai ka ce a sa shi a bakin ƙofa."

Babban malami ya taka mini ƙafa. Hedimasta bai ko dube ni ba, ya ce, "Malam Tanimu ya ruɗe ne."

Aka shigo da Sale. Aka tambaye shi wa ya sa shi.

Ya ce, "Ba wanda ya sa ni. Abin da na gani na zana. Ban san laifi ba ne."

"Ba ka san Malam Barau ba?"

"Na san shi. Kullum in na gaishe shi a zauren yakan amsa, har ya taɓa sa a ƙara mini dambu."

Wannan magana ita ta ƙarasa shi. Aka miƙa masa zanen aka ce ya yaga da hannunsa. Ya dubi mahaifinsa, mahaifin ya sunkuyar da kai. Ya yaga. Sannan Hedimasta ya sanar cewa an kore shi, saura 'yan makonni ya zauna jarrabawar fita.

Ba a tsaya nan ba. Cikin makon mai unguwa ya hana Goggo Habi sayar da abinci a zaure, wai wurin ya zama matattarar zaman banza. 'Yan gulma kuma suka ƙara nasu, suna tambayar abin da ke kai babban malami gidan da babu namiji. Na je gaishe ta, na tarar an jingine bencinan a bango.

Ta ce, "Malam, me na yi wa makarantarku? Malam Barau, bawan Allah, matarsa ce ke kwance tun damina, ba mai dafa masa. Yakan zo bayan azahar in mutane sun ragu, ya ci ya tafi. Yanzu shi ya daina fita, ni kuma da me zan ciyar da yaran nan?"



Masinjan makaranta ne ya buɗe mini ido daga baya. Ashe akwai tsohuwar shari'ar gona da ƙanen Hedimasta ya faɗi, kuma Malam Barau ne ya sa aka ƙi karɓar shaidar mutumin da suka kawo. Tun kallon farko Hedimasta ya gane fuskar da ke cikin zanen. Murmushin da na ɗauka na jin daɗin aikin ɗalibi ne, ashe na wanda ya tsinci sanda ne.

Da Bature ya sake zuwa, na nemi ganinsa na faɗa masa komai. Ya saurare ni da kyau, ya ce abin takaici ne, amma wannan lamarin cikin gida ne, ba zai sa baki ba. Farkon zango na gaba aka mayar da ni makarantar ƙauye. Hedimasta ya ci gaba da zama a kujerarsa har aka yi masa ƙarin girma. Sale ya koma zauren mahaifinsa yana fama da zare da allura. Goggo Habi, na ji an ce, ta kwashe marayunta ta koma wurin danginta a bayan gari.

Abin da na koya, ku matasan malamai, ba mai daɗi ba ne. An koya mana cewa aikinmu shi ne mu gano baiwar yaro mu fito da ita fili. Ba wanda ya gaya mana cewa a filin akwai manya masu tsohuwar gaba da juna, kuma in sun tashi faɗa ba da hannunsu suke yi ba. Da ɗalibinka za su yi, da kai, da wata baiwar Allah da ba ta ma san ana yi ba. In ƙura ta lafa, su ne za su zauna a kan kujera su yanke wa sauran hukunci. Tun daga wannan shekara, duk lokacin da na gaba da ni ya yi saurin yabon aikin ɗalibina, ba na yin murna. Sai in koma gefe in tambayi kaina: wa ake shirin duka da yaron nan?