Shekarar da Muka Kai Ƙarar Alƙali

Har yau idan na ji wani yana yabon adalcin zamanin Turawa, raina ɓaci yake yi. Ni na ga adalcin nan da idona a Potiskum, lokacin ban daɗe da aure ba.

Muna da gona a hanyar Mamudo, wadda kakana ya sare dajinta da hannunsa. Da ita gidanmu yake ci. Wata shekara, ana gab da shuka, wani attajiri daga Yerimaram ya tashi ya ce tasa ce, wai ubansa ne ya ba kakana aro. Ya kai mu gaban alƙali. Ba wanda bai sani ba a garin nan cewa 'yar attajirin alƙalin yake aure.

Babana Bangizime ne, ba Bahaushe ba, a kasuwa ya koyi Hausa. Da ya fara bayani sai alƙali ya kwaikwayi maganarsa, mutanen kotu suka kwashe da dariya. Dattijo mai furfura aka mai da shi abin wasa! Shaidunmu na zaune a waje cikin rana, ko ɗaya ba a kira ba. Kafin azahar alƙali ya ba surukinsa gonarmu.

Wani maƙwabcinmu ya ce ai alƙali ma yana da na gaba da shi, ana kai kukansa ofishin Di'o, Baturen da ke duba ayyukan En'e. Na sa Baba a gaba muka tafi. Bature ya saurare mu ta bakin tafintansa, yana kaɗa kai, fuska a murtuke.

"Ya ce za a bincika," in ji tafinta. "Ku koma gida ku jira. Kada ku kai maganar ko'ina sai an neme ku."

Muka jira. Muna ji muna gani barorin attajiri suka shuka gero a gonarmu. Mu kuwa muka ci dawar aro daminar nan, matata da tsohon ciki. An bincika ɗin, ba zan yi musu ƙarya ba. An kira dattawanmu, an tambayi mutanen kotu, an tabbatar da surukutar.

Bayan kaka aka neme mu. Tafinta yana ta murmushi kamar mai kawo albishir ɗin haihuwa. Ya ce an sami alƙali da laifi, majalisar En'e ta tuɓe shi. Baba ya durƙusa ya yi godiya, sannan ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, gona fa? Yaushe za mu shiga?"

Tafinta ya juya ya yi magana da Bature, ya juyo. "Baba, ai kukan alƙali kuka kawo, ba ƙara kuka ɗaukaka ba. Wannan hanya daban, waccan daban. Lokacin ɗaukaka ƙara kuma ya wuce tuni. Hukunci yana nan yadda yake."

"Wa ya ce mu jira?" Ban san sanda na miƙe ba. "Ba daga bakinka muka ji ba? Me ya hana ku gaya mana tun ranar?"

Ɗan doka ya tankaɗo ƙeyata waje. Sun yarda alƙalin azzalumi ne, sun kore shi saboda shari'armu, amma suka bar zaluncin a tsaye. Sun wanke kotunsu da hawayenmu, shi ke nan. A kasuwa har nuna mu ake yi, ga waɗanda suka tuɓe alƙali. Sai ka ce tuɓewar za mu tuƙa mu ci.

Da damina ta zagayo, Baba ya riƙa fita da sassafe bai ce ga inda za shi ba. Wata rana na bi sawunsa. A gonarmu na same shi, cikin 'yan ƙodagon attajiri, ya sunkuya da fartanya. Na ce don girman Allah ya taso mu tafi gida.

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ƙyale ni, yaro. Ba su san ƙasar nan ba. In na bar musu, kashe ta za su yi."