Duwatsu Biyar a Ƙoƙon Iya

Shekara shida ke nan da rasuwar kakata, wadda muke kira Iya. Ina 'yar shekara tara lokacin. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu, kuma da ban rubuta komai ba in ba don abin da ya faru a gidanmu na Bawku watan jiya ba.

Baffa Sule, yayan mahaifina, ya zo daga Yendi da gafakar kakanmu, marigayi Malam. A ciki akwai takardun ajami inda Malam ya riƙa rubuta kowane ɗaurin aure da kowane suna na gidan, tun suna Salaga har zamanin Jamus a Yendi. Gara ta fara cin gefensu. Aka ce tunda ina makarantar boko, Baffa ya karanta, ni in kwafe a sabon littafi.

Matan Malam uku duk suna ciki, kowacce da sunan ubanta da waliyyinta da shaidu. Da muka iso kan mahaifina, layi ɗaya ne: an haifa wa Malam ɗa ranar Talata, an sa masa Idrisu. Babu uwa.

Na ajiye alƙalami, na tambaya a hankali ina Iya. Baffa ya ce ai ba a ɗaura mata aure ba, a kasuwar Salaga aka sayo ta tana yarinya, to me za a rubuta? Na dubi Baba. Yana ta goge goro da bakin rigarsa, goron da ba shi da ƙura.

"Rubuta abin da ke takarda, 'yata," in ji shi.

Iya ma tana da nata littafin. Ƙoƙo ne a ƙarƙashin gadonta, da dutse ɗaya ga kowace haihuwa. Farin shi ne Baba. Baƙaƙe huɗun su ne waɗanda ba su kai ranar suna ba, shi ya sa ba su shiga gafaka ba. Kowace Juma'a takan wanke su, ta shanya a kan zane. Ranar sadakar uku, matan da suka share ɗakinta suka watsar da su a juji. Ina tsaye, na san ko su wane ne, ban hana matan ba.

Ita ce ke raka ni har ƙofar makaranta, tana cewa in dage in iya rubutu. Da za ta ga cewa da rubutun nan aka sake barin ta a waje, ba na jin za ta yi faɗa. Cewa za ta yi in je in ci tuwona kafin ya huce. Wannan ya fi yi mini ciwo.

Na kwafe yadda aka ce. Baffa ya yaba kyan rubutuna, ya tafi da littafin Yendi.

A Salaga sun sa wa Iya suna Nagode. Sunan da uwarta ta sa mata sau ɗaya ta faɗa mini, tana tsefe mini kai: Apoka. Ta haifa wa Malam biyar. Fatake ne ke kawo wa Baba jaridar nan da nake aika wa wannan rubutu, ni nake karanta masa. Zan karanta masa har nan.