Gwaggo da Farantin Tsuntsuwa

A cikin yaran da take reno babu wanda ta haɗa jini da shi, amma Gwaggo kowa ke kiranta, yara da iyayensu, har mijinta idan tsokana ta motsa masa. Ta yi shekaru tana girki a makarantar kwana, inda ake ɗora tukunya ɗaya don ɗaruruwan bakuna, ba mai tambayar wa ya ƙoshi. Abin ya tsaya mata a rai. Da ta ajiye aiki sai ta fitar da kujerun falonta, ta shimfiɗa tabarmi, ta sa kafinta ya yi mata teburin da bai wuce gwiwar babba ba. Iyaye masu zuwa aiki suka fara kawo mata 'ya'yansu da safe, su ɗauke su da yamma.

Dokokinta kaɗan ne, amma ba sa lanƙwasuwa. Ba biskit, ba alawa, ba lemon kwalba. Duk jakar da ta shigo sai ta zazzage ta a bakin ƙofa, abin zaƙin da ta samu kuma ta damƙa wa uwar a hannu, ɗan yana kallo. Abinci kuwa da ido take tsara shi. Idan ta dawo daga kasuwa a ƙarshen mako, sai ta jera kwanoni a kan kantar kicin, kowane kwano na rana guda, ta rarraba musu karas da alayyahu da wake da ƙwai da kifi da dankali da ayaba. Sannan ta ja da baya ta ƙare musu kallo. Kwanon da launi ɗaya ya yi wa yawa sai ta sake masa zubi. Takan ce shinkafa da biredi da taliya duk fari ne, kuma yaro ba zai girma a kan fari kaɗai ba.

Mijinta tela ne, shagonsa na jikin gidan. Da rana yakan leƙo ta taga.

"Ranki ya daɗe, ministar ganye. Mu manya fa, me za mu samu yau?"

"Ragowa. In ka yi sa'a."

Ba kasafai yake sa'ar ba, don Gwaggo ba ta son ragowa. Da faranti take auna lafiyar yaro. Wanda ya bar rabi sai ta taɓa goshinsa, wanda ya suɗe kuwa a tafa masa.

Yarinya ɗaya ce ta gagare ta. Uwarta malamar lissafi ce a sakandare, ta kawo ta tun yarinyar tana koyon tafiya, ta ce a yi haƙuri da ita, ba ta cin abinci. Tsinta take yi, ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can, shi ya sa tela ya raɗa mata Tsuntsuwa, sunan ya bi ta har gidansu. Babu dabarar da Gwaggo ba ta yi ba. Ta niƙa karas ta ɓatar da shi a miya, ta yanka ƙwai kamar fure, ta dama ayaba da madara. Yarinyar sai ta sunkuya ta shinshina.

"Gwaggo, akwai ganye a ciki."

"Ina kika ga ganye, uwar iyayi?"

"Ɓuya ya yi."

"To ki cinye shi kafin ya fito."

Tsuntsuwa ta yi dariya, ta ture farantin da yatsa ɗaya. Haka suka yi ta fama har ta kusa shekara huɗu. Kullum da yamma uwar na shigowa da alli a hannun rigarta, kafin ta gama sallama ta jefo tambayar ko yarinyar ta ci abinci, Gwaggo kuma ta nuna mata da yatsu ɗan abin da aka ci.

Wata rana da azahar, ba tare da an lallashe ta ba, Tsuntsuwa ta cinye wake da dankalinta tas, ta ɗaga farantin da hannu biyu.

"Ƙari."

Gwaggo ta ƙwala wa tela kira, ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya ga abin da idonsa.

"Lallai yau an ci ni da yaƙi," in ji shi. "Dama ragowarta ce ke riƙe da ni."

Da yamma uwar ta tsaya a bakin ƙofa ta rufe baki da hannu, ta kira mijinta a waya tun kafin ta ɗauki jaka. Gwaggo ta kwana tana jin cewa shekarunta na girki ba su tafi a banza ba.

Daga ranar yarinyar ba ta sake barin ko loma ba. Ga shan ruwa, kofi bayan kofi, har Gwaggo ta mayar da ita abin misali: "Ku dubi Tsuntsuwa, ruwa take sha, ba ta kukan lemo." Da ta fara jiƙa tabarma a barcin rana, bayan ta daɗe da dainawa, ba wanda ya yi mamaki. Mai shan ruwa haka dole ya yi fitsari. Da tururuwa suka fara taruwa a fo ɗin da take fitsari a ciki, Gwaggo ta tare mijinta.

"Malam, faɗa mini gaskiya, ka shigo da sukari gidan nan?"

"Ni? Ga aljihuna, ga shago, ki bincika. Shayina ma salam nake sha saboda tsoronki."

Ta wanke fo ɗin da sabulu da ruwan zafi, ta ɗora laifin a kan damina.

Uwar ce ta fara tsarguwa. Wata yamma tana ɗaure wa yarinyar igiyar riga, ta ga igiyar ta zagayo ta yi saura.

"Gwaggo, ba ki ga kamar ta rame ba?"

"Tsawo take yi, 'yata. Mara lafiya ai ƙin abinci yake. Yarinyar da ke cin faranti biyu, ciwon me za ta yi?"

Uwar ta auna maganar, ta ga ta hau daidai. Ta gode, suka tafi.

Ba a daɗe ba, wata safiya ba a kawo Tsuntsuwa ba. Ta tashi da amai da wani irin numfashi mai nauyi, kafin a kai asibiti ta daina gane mutane. Likita ya ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama ƙananan yara. Ya ce ba abin da ta ci ne ya jawo shi ba, kuma yunwar da ƙishirwar da ramar duk ciwon ne yake nuna kansa. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ba ta farfaɗo ba.

Gwaggo ta je ta'aziyya ta zauna kusa da takalma, ta kasa ƙarasawa wurin uwar. Ta rufe gidan renon, sai da iyaye suka yi ta sintiri sannan ta buɗe. Har yanzu tana jera kwanoninta, ba a kuma shiga da biskit. Tafin ne kawai aka daina. Kuma yaron da ya nemi ruwa sau da yawa, ranar uwarsa ba za ta huta ba sai ta kai shi an duba jininsa, har wasu na cewa tsufa ya sa Gwaggo fitina. Abin da take jira kullum shi ne ranar da malamar lissafi za ta zo ta maimaita mata maganar da ita Gwaggo ta faɗa mata ranar igiyar riga.

Ta zo bayan watanni, da rana tsaka, yara na barci. Gwaggo ta miƙa mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa kusa da ɗan teburin. Suka gaisa ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, abu ɗaya na zo tambaya. Ranarta ta ƙarshe a nan, me ta ci?"

Gwaggo ba ta tsaya tunani ba.

"Da safe ƙwai da biredi da yankan gwanda. Da rana shinkafa da kifi, da alayyahu a gefe. Ban ɓoye shi ba, a fili na zuba."

"Ta cinye?"

"Ta cinye. Ta nemi ƙari."

"Kin ƙara mata?"

"Na ƙara."

Uwar ta gyaɗa kai a hankali.

"Gara da kika ƙara. Yunwa take ji."

"'Yata, maganar nan da na faɗa miki ranar..."

"Ni na tambaye ki, Gwaggo. Kuma ke na zaɓa na tambaya, don na san amsar da za ki ba ni, ita nake so in ji. Kullum ta gaban asibiti nake wucewa in tafi makaranta."

Ba ta ce ta yafe ba, Gwaggo ma ba ta roƙa ba. Suka zauna suna jin numfashin yara da ƙarar keken tela ta bayan bango. Da wani yaro ya fara juyi a kan tabarma, uwar ta miƙe da sauri ta ɗauki jakarta. Tana so ta fita kafin su farka su gane ta, su tambaye ta ina Tsuntsuwa.